Daga Na'ura Zuwa Numfashin Kai: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Game Da Kare Tsokar Numfashi

A shekarar 2020, da annobar korona ta iso Najeriya, Cibiyar Lafiya ta Kebbi da ke Kalgo ta zama wurin killace waɗanda suka kamu a jihar. A lokacin ne kalmar "bentileta", wato na'urar da ke taya mutum numfashi, ta shiga bakin jama'a, daga gidajen rediyo har majalisun ƙofar gida. Kowa tambayarsa ɗaya: guda nawa muke da su? Akwai tambaya ta biyu da ba a cika yi ba, alhali ita ce ke hana likitoci barci: idan an ɗora mutum a kan na'urar, yaya za a sauke shi?

Annoba ta lafa, amma buƙatar na'urar tana nan. Matashin da ya bugu a kai a hatsarin babur a hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega, mai ciki da jijjiga ta kama, manomin da ya taka ƙusa tetanus ta sarƙe masa haƙora, wanda maganin feshi ya shiga jikinsa a fadamar shinkafa, wanda saran wani nau'in gamsheƙa ya shanye masa jiki, da dattijon da ciwon huhu ya ci ƙarfinsa, duk suna iya kaiwa matakin da sai inji ya taya su numfashi. Ko a Kalgo aka kwantar da naka, ko a Birnin Kebbi, ko an tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ga abin da ya kamata ka sani.

Wace tsoka ce ke jan numfashi?

Huhu ba ya jan iska da kansa. Kamar zugazugin maƙeri yake: sai hannu ya buɗe shi iska ta shiga. Hannun da ke buɗe huhu wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa ana feɗe ragon layya ya gan ta: wannan siririn naman mai kamar faifai da ke tsakanin huhu da zuciya a sama, hanta da tumbi a ƙasa. Likitoci na ce masa dayafaram, mu kira shi tantanin ƙirji. Idan ka yi shaƙuwa, shi ne ya zabura.

Duk lokacin da za ka ja numfashi, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo ta wata jijiya da ta taso daga wuya, sai tantanin ya tsuke ya sauka ƙasa, ƙirji ya buɗe, iska ta shigo. Idan ya saki, iskar ta fita. Babban mutum mai lafiya yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kusan sau 20,000 ke nan a rana. Idan mutum yana zaune ba ya wani aikin ƙarfi, tantanin ne ke yin kusan kashi 70 cikin 100 na aikin. Tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari da na wuya su cike sauran. Tun ranar haihuwa bai taɓa hutu ba, ko cikin barci.

Me na'urar take yi?

Na'ura tana juya al'amarin ne. Maimakon jiki ya jawo iska, sai ita ta tura ta cikin huhu ta wani bututun roba da aka zura ta baki zuwa maƙogwaro. Idan za a daɗe, akan huda maƙogwaron ta wuya a sa gajeren bututu, don majinyaci ya samu sauƙi.

Wannan dabara ta yi ƙarfi ne a 1952, lokacin da annobar shan inna ta afka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak. A asibitin Blegdam, 27 daga cikin mutum 31 na farko da cutar ta shanye wa numfashi sun mutu. Wani likitan sa barci mai suna Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a riƙa matsa iska da jakar roba. Babu isassun injuna, don haka ɗaliban likitanci kusan 1,500 suka riƙa karɓa-karɓa, dare da rana, suna matsa jaka da hannu. Mace-macen ya ragu da fiye da rabi, kuma daga nan ne ɗakin kulawa ta musamman ya samo asali.

Abin lura shi ne na'urar ba magani ba ce. Lokaci take saya wa majinyaci, har magani ya ci ƙarfin cutar da ta kwantar da shi.

To me ya sa tsokar ke ramewa?

Wanda ya taɓa karaya ya san yadda hannu ke fitowa daga ɗori: siriri, ba ƙarfi, ko moɗa ba ya iya ɗagawa. Tsokar da ba ta aiki jiki yakan fara cinye ta. Na tantanin ƙirji ya fi sauri, domin bai saba da zaman banza ba.

A 2008, Sanford Levine da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka duba tantanin mutum 14 da na'ura ta yi wa numfashi gaba ɗaya na tsawon awa 18 zuwa 69. Suka tarar kaurin zaren tsokar ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da na waɗanda suka yi awa biyu ko uku kacal a kan na'ura. Ke nan ramar ba ta jiran mako. Cikin kwana ɗaya zuwa uku take farawa.

A 2015, Ewan Goligher da tawagarsa a Toronto ta Kanada suka riƙa auna kaurin tantanin da na'urar sikanin kowace rana a jikin majinyata 107. Cikin makon farko, kashi 44 cikin 100 tantaninsu ya sirance da fiye da kashi ɗaya cikin goma. Wani bincike da aka yi a Faransa a 2017 ya nuna cewa a ranar da aka fara gwada sauke majinyata daga na'ura, kashi 63 cikin 100 suna da raunin tantani, kusan ninki biyu na masu raunin hannu da ƙafa.

Ba zaman banza kaɗai ke jawo wannan ba. Ƙwayoyin cuta da suka shiga jini suna raunana tsoka. Haka rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin wasu sinadarai a jini irin su fosfet da fotashiyam, da hawan sukari, da wasu magunguna masu sassauta tsoka da dole kan sa a yi amfani da su. Akwai kuma ɗaya gefen: idan taimakon na'ura ya yi kaɗan, majinyaci ya riƙa kokawa da numfashi, tsokar takan ji rauni saboda wahala, huhu ma ya taɓu. Jakin da aka ɗaure wata da watanni ba ya iya kaya, wanda aka labta wa fiye da ƙarfinsa kuma durƙushewa yake. Tsakanin waɗannan biyu likita ke neman hanya.

Ga yadda abin ke zama sarƙa. Tsoka ta yi rauni, sai sauke mutum ya gagara. Ya ƙara kwana a kan na'ura, sai haɗarin sabon ciwon huhu ta hanyar bututu ya ƙaru, tsokar ta ƙara ramewa, kuɗin jinya ya ƙara hawa, wani majinyacin kuma yana can yana jiran gado. Shi ya sa masu wannan aiki ke bin ƙa'idar tun ran gini tun ran zane: ranar da aka ɗora mutum, ranar ake fara shirin sauke shi.

Me ake yi don kare tsokar?

Likitoci na kiran sauke mutum daga na'ura da kalmar da ta yi daidai da tamu ta "yaye". Kamar yadda uwa ke sabar wa yaro da koko da fate kafin ta cire shi daga nono, haka ake sabar wa tsokar da aiki kaɗan-kaɗan. Matakan sun kai shida.

Na farko, saita na'urar yadda majinyaci zai sa hannu. Da zarar hali ya yi, akan mayar da ita yanayin da shi zai fara jan numfashin, ita kuma ta ƙarasa masa. Ana rage taimakon gwargwadon yadda ƙarfinsa ke dawowa.

Na biyu, rage allurar barci. Wanda aka nutsar cikin barci mai nauyi ba ya jan numfashi da kansa. A 2000, John Kress da abokansa a Jami'ar Chicago suka gwada dakatar da maganin barci sau ɗaya kowace rana har majinyaci ya farka. A cikin mutum 128, kwanakin zama kan na'ura suka sauko daga 7.3 zuwa 4.9.

Na uku, gwajin numfashi na kullum. Kowace safiya akan duba: zazzaɓi ya sauka? Jini ya daidaita? Buƙatar iskar oksijin ta ragu? Yana iya tari? Idan amsar ta yi kyau, sai a janye kusan duk taimakon na minti 30 zuwa awa biyu, nas na tsaye tana lura. Idan ya fara haki, gumi ya karyo masa, zuciya ta hau bugu, sai a mayar da shi ya huta, gobe a sake. Binciken Wesley Ely na 1996 a kan mutum 300 ya nuna wannan tsari ya rage kwanaki daga 6 zuwa 4.5. A 2008 aka haɗa farkarwa da gwajin numfashi a kan mutum 336, aka ga sun samu ƙarin kwana uku suna numfashi da kansu, waɗanda suka rayu har shekara guda ma sun fi yawa.

Na huɗu, motsa jiki tun ana kan gado. Nan ne aikin likitocin gashi, waɗanda ake ce wa fisiyo. Mutane da yawa sun ɗauka aikinsu na masu shanyewar ɓarin jiki ne da masu karaya kawai, alhali suna da babban matsayi a ɗakin kulawa ta musamman. Idan majinyaci bai farka ba, sukan lanƙwasa masa gaɓoɓi su miƙe don kada su sandare. Idan ya farka, sai ya fara motsawa da kansa, ya zauna a bakin gado, ya miƙe tsaye, ya koma kujera, wani har ya taka 'yan taku da bututun a bakinsa. A 2009, William Schweickert ya jagoranci gwaji a kan mutum 104 a Amurka. Cikin waɗanda aka fara wa motsa jiki da wuri, kashi 59 cikin 100 sun bar asibiti suna iya wanka, sa tufafi da tafiya da kansu. A ɗaya rukunin kashi 35 ne kawai. Kwanakin ruɗewa da sambatu ma sun ragu daga huɗu zuwa biyu.

Na biyar, horar da tsokar jan numfashi kai tsaye. Akwai wata 'yar na'ura ta roba da ba ta wuce tafin hannu ba, mai murfi da sifirin a ciki. Akan cire majinyaci daga inji na ɗan lokaci a haɗa ta da bututunsa. Iska ba za ta shigo ba sai ya ja da ƙarfin da zai buɗe murfin. Ɗaga nauyi ke nan, amma na tantanin ƙirji. Da farko akan auna iyakar ƙarfin jansa, sai a saita nauyin wajen rabin haka. Yakan ja sau shida zuwa goma, a mayar da shi kan inji ya huta, a maimaita zagaye huɗu ko biyar, sau ɗaya a rana. Duka bai wuce 'yan mintuna ba, kuma ana ƙara nauyin yayin da ƙarfi ke ƙaruwa. A 2011, a Jami'ar Florida, Daniel Martin ya gwada wannan a kan mutum 69 da yaye ya gagara: kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka horar sun rabu da inji, a ɗaya rukunin kuwa kashi 47. A Canberra ta Ostireliya, Bernie Bissett ta nuna a 2016 cewa horon mako biyu bayan an sauke mutum daga inji yana ƙara ƙarfin numfashi. Bincike da dama sun yi ittifaƙi cewa horon na ƙara ƙarfin tsoka. A kan rage kwanakin inji kuwa sakamako ya bambanta, kuma an fi ganin amfaninsa ga waɗanda suka daɗe.

Na shida, abinci da share ƙirji. Tsoka ba ta ginuwa da ruwan leda kaɗai, shi ya sa ake zura siririyar roba ta hanci zuwa ciki a riƙa ba da abinci mai gina jiki, ana kuma duba sinadaran jini. Ana zuƙe majina daga bututu, ana juya majinyaci lokaci-lokaci, ana koya masa tari mai ƙarfi, domin wanda ba ya iya fitar da kaki ba ya daɗewa bayan an cire masa bututu.

Kowa ne ake yi wa haka?

A'a. Wanda jininsa ke faɗuwa, wanda ƙwaƙwalwarsa ta kumbura bayan hatsari, wanda huhunsa ke tsakiyar tsananin ciwo, ko mai tetanus da ko ƙarar ƙofa ke tayar masa da sanƙarewa, waɗannan hutu da barci mai nauyi ne maganinsu a wannan matakin. Yawan motsa jikin ma yana da iyaka. A 2022 an buga sakamakon wani babban gwaji da masu bincike na Ostireliya da New Zealand suka jagoranta a kan mutum 750. Waɗanda aka matsa wa da atisaye fiye da yadda aka saba ba su fi sauran samun sauƙi ba, matsaloli irin su rikicewar bugun zuciya da faɗuwar oksijin kuma sun fi yawa a cikinsu: kashi 9.2 cikin 100, sauran kuwa 4.1. Sannu ba ta hana zuwa. Tawagar masu jinya ce ke auna abin da jikin kowane majinyaci zai ɗauka a kowace rana.

Mene ne rabon 'yan'uwa?

Abin da ya fi tayar wa dangi hankali shi ne ganin nasu ya farka da bututu a baki, yana zare ido, yana hawaye, ba ya iya magana. Nan za ka ji tsohuwa ta ce, "Likita, don Allah ku bar shi ya huta, mi ya sa kuka tashe shi?" Wasu kuma da sun ji an ce za a rage taimakon inji, sai su ɗauka an fid da rai ne. Sau da yawa akasin haka ne: farkarwa da gwajin numfashi alama ce ta cewa likita ya ga haske.

Ga abin da mai jinya zai iya yi. Ka wanke hannu kafin ka shiga da bayan ka fito. Ka yi masa magana da sunan da ya saba ji, ka gaya masa yau wace rana ce, inda yake, ko an yi Azahar ko La'asar, domin wannan na rage ruɗewa. Idan yana sa tabarau, a kawo masa. Ku shirya alama: ƙifta ido sau ɗaya "e", sau biyu "a'a". Idan fisiyo ya koya maka yadda ake lanƙwasa masa hannu da ƙafa, ka yi iya yadda aka nuna maka.

Ga kuma abin da ba a yi. Kada a ɗura masa komai ta baki, ko ruwa, ko kunu, ko zuma, ko rubutu, ko jiƙo. Wanda ke da bututu a maƙogwaro ba ya haɗiya daidai, abin da aka ɗura yana iya zarcewa huhu ya zama sabon ciwo. Addu'a kuwa a gefen gado babu mai hana ka. Kada a kwantar da kan gadon. Da gangan aka ɗaga shi digiri 30 zuwa 45, don kada abin da ke ciki ya gangaro zuwa huhu. Kada a taɓa maɓallin na'ura ko a kashe ƙararrawarta.

Kana da haƙƙin tambaya cikin ladabi: "Likita, yau an rage masa maganin barci? An gwada shi ya yi numfashi da kansa? Masu gashi sun gan shi? Yana samun abinci?" Idan amsar "a'a" ce, akwai dalili, kuma ya kamata a bayyana maka shi. Ka kuma sani cewa cikin kowane mutum goma da aka cire wa bututu, ɗaya ko biyu kan buƙaci a mayar musu. Hakan na faruwa a manyan asibitocin duniya ma.

Bayan an dawo gida fa?

Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen jinya ba. Murya kan dushe na kwanaki, haɗiya kan yi wuya, mutumin da ke yini a gona sai ka ga zuwa masallacin unguwa ya sa shi haki. Wani bincike da Margaret Herridge ta jagoranta a Toronto, wanda aka buga a 2011, ya bi waɗanda suka tsira daga mummunan ciwon huhu har shekara biyar, ya tarar nisan da suke iya takawa cikin minti shida kashi 76 cikin 100 ne na abin da ake sa ran sa'o'insu za su taka. Don haka kada a ce masa raggo, kada kuma a killace shi a ɗaka ana ta lallaɓawa.

Ya riƙa tafiya kullum, yau zuwa zaure, jibi zuwa bakin titi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ya ci wake, ƙwai, kifi, nono da nama gwargwadon hali. Ya nisanci taba, shisha da hayaƙin murhu, ya rufe hanci idan hazo da ƙurar hunturu sun taso. Hura balan-balan da wasu ke ba da shawara yana motsa tsokar fitar da iska ne, ba ya maye gurbin horon jan numfashi. A bi abin da fisiyo ya tsara, a kuma kiyaye ranar komawa asibiti. Idan haki ya ƙaru, zazzaɓi ya dawo, yana ƙwarewa duk lokacin da ya ci ko ya sha, ko ba ya iya kwanciya rigingine sai numfashi ya sarƙe, a koma da shi ba tare da jiran ranar ba.

Darasi ga masu riƙe da asibitoci

Sayen na'ura abu ne da ake gani, ana ɗaukar hoto a yanka kintinkiri. Amma na'ura tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da oksijin, da nas da za ta tsaya a kanta dare da rana, da fisiyo da ya san aikin ƙirji. Najeriya ta daɗe tana horar da likitocin gashi: Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirin fannin a 1966, a Arewa kuma Jami'ar Bayero ta Kano ta yaye da yawa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin a ƙasar Kalgo yake, inda asibitin da muka ambata a farko yake. Wannan maƙwabtaka dama ce ta horar da 'yan gida su riƙe wannan aiki.

Lissafin a bayyane yake. Farkar da majinyaci, gwada numfashinsa da zaunar da shi a bakin gado ba sa buƙatar kayan da za a yi odarsu daga waje. Ma'aikata suke buƙata da tsari da juriya. 'Yar na'urar horon kuwa kuɗinta bai kai ko kusa da na injin ba. A inda injuna ba su da yawa, duk majinyacin da aka sauke kwana biyu da wuri ya bar wa na bayansa gado na kwana biyu, kuma wannan na bayan yana iya zama wanda motar asibiti ta ɗauko yanzu daga Gwandu ko Bunza.